Ƙari a jikin jariri: yadda ake bambance na daji da wanda ba na daji ba

Mafi yawan kumburin da uwa ke tsinta a jikin jaririnta lokacin wanka ko shafa mai ba ciwon daji ba ne, kuma ya kamata a fara faɗin wannan kafin komai, domin firgici kansa yana sa mutane su yi wa yaro abin da zai cutar da shi. Sai dai a cikin irin wannan kumburi mai yawa akwai ɗan kaɗan da ke kisa idan aka bar shi, kuma a watannin farko na rayuwa babu wata alama guda ɗaya da ke ware shi daga sauran. Ƙa'idojin da aka saba dogara da su a jikin babba, wato cewa ƙari mai saurin girma abin tsoro ne, wanda ya bazu zuwa hanta kuwa ya gama da mai shi, suna iya sauyawa gaba ɗaya a jikin jariri. Akwai ƙarin da ke ninka girmansa cikin makonni kaɗan sannan ya baje da kansa. Akwai ciwon dajin da ya riga ya shiga hanta da fata amma ya warke ba tare da magani ba. Akwai kuma ƙarin da ake haihuwar yaro da shi ba daji a cikinsa, ya rikiɗe ya zama daji saboda jinkirin cire shi kawai.

Asalin bambancin yana cikin halin ƙwayoyin da suka haɗu suka zama ƙarin. Wanda ba na daji ba yana girma a inda ya tsiro, yana ture naman da ke kewaye da shi ba tare da ya ratsa cikinsa ba, galibi yana da iyaka da hannu ko hoto zai iya bi, kuma ba ya aika 'ya'yansa wani sashe na jiki. Na daji yana kutsawa cikin abin da ke maƙwabtaka da shi, yana shiga hanyoyin jini da na ruwan jiki, ya je ya kafa sabon reshe a hanta, ko ƙashi, ko ɓargo, ko huhu. Dajin manya yakan fito ne bayan shekaru da yawa na lahani da ke taruwa a ƙwayoyin jiki, irin wanda taba ko wasu cututtuka ke jawowa, amma na jarirai yana tasowa ne daga ƙwayoyin da suka gina sassan jiki tun yaro yana ciki, waɗanda suka kasa kammala nuna suka ci gaba da rarrabuwa. Wannan ne ya sa halinsa ya bambanta, domin ƙwayar da ba ta gama nuna ba tana iya ƙarasawa daga baya ta lafa, tana kuma iya ƙwacewa gaba ɗaya. Shi ne kuma dalilin da ya sa bai dace a ɗora wa uwa laifi ba, kamar yadda ake yawan yi, a ce wani abu ta ci ko wani wuri ta bi da ciki.

Kafin a shiga nau'o'in ƙarin akwai wani kuskure da ya kamata a gyara. Idan likita ya ce ƙari ba na daji ba ne, bai ce ba shi da haɗari ba. Ɗan ƙaramin ƙari a cikin maƙogwaro yana iya toshe numfashi, wanda ke kan fatar ido yana iya hana idon koyon gani har abada, wanda ke cikin ƙwaƙwalwa kuma yana iya tara ruwa a kai har maɗiga ta kumbura, kai ya riƙa girma fiye da kima, ko da babu ƙwayar daji ko ɗaya a cikinsa. Saboda haka tambayoyin da ake yi biyu ne a lokaci guda, wato mene ne halin ƙarin, kuma me yake dannewa a inda yake zaune.

Ƙarin da ya fi kowanne yawa a jarirai shi ne hemanjiyoma, wanda tarin ƙananan hanyoyin jini ne, kuma yana samun kimanin kashi 4 zuwa 5 cikin 100 na jarirai, ya fi yawa a 'yan mata da bakwaini. Tarihinsa shi ne babbar shaidarsa. A ranar haihuwa ba a ganinsa, ko kuma a ga wani ɗan tabo da za a ɗauka tawadar Allah ce, sai a cikin makonni biyu zuwa huɗu ya taso, ya yi ja, ko a baƙar fata ya yi ja mai duhu, yana da laushi idan aka danna. Tsakanin wata ɗaya zuwa wata uku yana girma da saurin da ke tayar da hankalin iyaye, zuwa wajen wata biyar ya kai mafi yawan girman da zai yi, sannan daga kusan shekara ɗaya ya fara dusashewa a hankali cikin shekaru. Likitan da ya ji wannan labari daga bakin uwa, ya kuma ga ƙarin da idonsa, sau da yawa ba ya buƙatar wani gwaji. Mafi yawansu ba a yi musu komai sai sa ido. Waɗanda ake gaggawa a kansu su ne na kusa da ido, da na hanci da leɓe, da waɗanda suka fashe suka zama gyambo, da kuma na haɓa da gaban wuya, domin irin waɗannan kan zo tare da wani a cikin hanyar numfashi, alamarsa kuwa ita ce numfashin yaro ya riƙa yin ƙara. Idan aka ƙirga biyar ko fiye a fata, ana duba hanta da hoton sikanin, saboda ana iya samun irinsu a can.

Maganin hemanjiyoma ya sauya a shekarar 2008, lokacin da likitoci a birnin Bodo na Faransa, ƙarƙashin Christine Léauté-Labrèze, suka wallafa cewa sun ba wani jariri maganin zuciya mai suna furofuranolol saboda matsalar zuciya da ta same shi, sai suka lura ƙarin da ke fuskarsa ya yi laushi ya fara raguwa. Tun daga nan wannan magani ya zama na farko da ake bayarwa ga hemanjiyoma mai haɗari. Ba magani ne da za a saya a kemis a ɗura wa jariri ba, domin yana iya sauke sukarin jini, ya rage bugun zuciya, ya kuma tsananta shaƙewar ƙirji, don haka likita ne ke auna shi bisa nauyin yaro, kuma ana ba da shi ne tare da shayarwa.

Haɗarin yawan hemanjiyoma shi ne yana sa a kira duk wani jan kumburi da sunansa. Akwai wani nau'in da ake haihuwar yaro da shi a cike, wanda shi ma ba daji ba ne, wani ya baje cikin shekarar farko, wani ya zauna yadda yake. Akwai kuma wani ƙarin hanyoyin jini mai tauri, mai launin shuni, da ke ratsa tsoka yana tsare ƙwayoyin da ke daskarar da jini a cikinsa, har yaro ya fara zubar jini a ƙarƙashin fata ko a cikin jiki, yanayin da likitoci biyu, Kasabach da Merritt, suka bayyana a 1940, kuma yana buƙatar kwanciya asibiti nan take. Wanda ya fi ruɗarwa shi ne fiburosakoma na jarirai, dajin nama ne da yakan fito a hannu ko ƙafa, fatarsa ta miƙe tana ƙyalli, jijiyoyi su fito a kansa, wani lokaci ya fashe ya yi jini, kuma an sha yi masa maganin hemanjiyoma na tsawon lokaci kafin a gane. Abin da ke tona shi shi ne taurinsa, da zurfinsa, da kuma rashin bin jadawalin girma da tsayawa da aka sani. Ko shi ɗin ma bai cika bazuwa ba idan aka kwatanta da takwaransa na manya, kuma yawancinsa yana ɗauke da wata haɗuwar ƙwayoyin gado da ake iya ganowa a gwaji, wadda maganin larotirektinib, da Amurka ta amince da shi a 2018, ke kai wa hari kai tsaye.

A wuya da kai da hammata, yawancin abin da ake gani ba ya buƙatar dogon bayani. Ƙululu mai tauri a cikin tsokar gefen wuya, wanda ya bayyana makonni kaɗan bayan haihuwa, yaro yana karkata kai gefe guda, galibi taurin tsoka ne da ke warwarewa cikin watanni idan ana motsa wuyan yadda aka koya wa uwa. Kumburi mai laushi kamar an cika shi da ruwa a gefen wuya yakan zama hanyoyin ruwan jiki ne da ba su ginu daidai ba. Kaluluwa a hammatar hannun da aka yi wa allurar BCG, wato riga-kafin tarin fuka, abu ne sananne, kuma mafi yawa tana bajewa da kanta. Kumburin nonon jariri, namiji ko mace, aikin sinadaran jikin uwa ne da suka rage a jininsa, matse shi kuwa shi ne ke mayar da shi ƙurji mai mugunya. Wanda ake taka-tsantsan da shi shi ne duk kumburin da ke daidai tsakiyar jiki, a kan karan hanci, ko ƙeya, ko gadon baya, domin yana iya kasancewa a haɗe da ƙwaƙwalwa ko laka, kuma ba a taɓa shi da wuƙa ko allura kafin a yi hoto.

Inda lokaci ya fi nuna ƙarfinsa shi ne a teratoma na ƙarshen ƙashin baya, ƙarin da ya fi yawa a cikin waɗanda ake haihuwar yaro da su, kimanin haihuwa ɗaya cikin 35,000 zuwa 40,000, kuma 'yan mata sun ninka maza sau uku zuwa huɗu. Yana fitowa tsakanin ɗuwawu, wani lokaci ya kai girman kan jaririn, kuma a cikinsa ana iya samun gashi, da guringuntsi, da ƙashi, domin ya taso ne daga ƙwayoyin da ke iya zama kowane sashe na jiki. Duk da munin kamanninsa, kusan tara cikin goma ba su da daji a ranar haihuwa. Amma binciken da Peter Altman da abokan aikinsa suka wallafa a 1974 ya nuna cewa a yaran da aka gano nasu bayan sun wuce wata biyu, kusan rabi ko fiye sun riga sun zama daji. Wannan ne ya sa shawarar da ake yawan ba iyaye a gida, cewa a bari yaro ya yi ƙwari kafin a yi masa aiki, ta zama shawara mai kisa a wannan ƙari musamman. Ana cire shi ne a kwanakin farko, tare da ɗan ƙashin da ya tsiro a kansa, domin idan aka bar ƙashin ƙarin yakan dawo. Nau'in da ya fi ɓoyuwa shi ne wanda ke can cikin ƙugu gaba ɗaya, ba a ganin komai a waje, sai dai yaro ya riƙa fama da wahalar kashi ko riƙewar fitsari, kuma shi ne aka fi ganowa a makare.

A cikin ciki kuwa, shekarun yaro ne ke fara ba likita haske. Kumburin da aka fi ji a cikin sabon jariri ba ƙari ba ne ma, ƙoda ce da ta cika da fitsari saboda toshewar hanya, ko wadda ta ginu da ƙunshin ruwa. Idan ƙari ne na gaske a ƙoda kuma yaron bai wuce wata uku ba, mafi rinjaye shi ne wani nau'i da Robert Bolande ya bayyana a 1967, wanda tiyata kaɗai ke warkar da yawancinsa. Dajin ƙoda na Wilms, wanda likitan Jamus Max Wilms ya yi rubutu a kansa a 1899, ya fi kama yara masu shekara uku zuwa huɗu, ko da yake yana iya zuwa da wuri. Saboda wannan bambanci ne tsarin da likitocin Turai ke bi ya tanadi cewa yaron da ya wuce wata shida a fara masa maganin daji kafin aiki, wanda bai kai wata shida ba kuwa a fara da aiki, don kada a ɗura wa jariri magani mai ƙarfi a kan ƙarin da wataƙila ba ya buƙatarsa. Hanta ma haka take, tana iya ɗaukar hemanjiyoma, tana kuma iya ɗaukar hefatobilastoma, dajin da ya fi samun yara 'yan ƙasa da shekara uku, musamman waɗanda aka haifa da ƙarancin nauyi sosai.

Niyurobilastoma shi ne dajin da ya fi yawa a shekarar farko ta rayuwa, kuma babu wanda ya kai shi rikita lissafi. Yana tasowa daga ƙwayoyin jijiya, galibi a ɗan kullin da ke saman ƙoda ko a gefen ƙashin baya. A yaro mai shekara biyu ko uku, idan ya bazu zuwa ƙashi, yana cikin ciwukan daji mafi wuyar magani. Amma a 1971 likitoci uku a Filadelfiya ta Amurka, Giulio D'Angio da Audrey Evans da Everett Koop, suka bayyana wani rukuni na jarirai masu ƙaramin ƙari a asali, wanda ya bazu zuwa hanta da fata da ɗan kaɗan na ɓargo ba tare da ya taɓa ƙashi ba, kuma da yawansu ciwon ya janye da kansa. Ana ganin ƙananan ƙululai masu launin shuɗi a fatar irin waɗannan jarirai, hantarsu kuma ta cika ciki. Wannan ba ya nufin a zauna a gida, domin a jariri ɗan wata ɗaya ko biyu hantar tana iya kumbura har ta danne huhu, sai an ba da magani kafin ya iya numfashi. Abin da ke raba mai janyewa da mai kisa yana cikin ƙwayoyin gadon ƙarin, musamman wata da ake kira MYCN, wadda idan ta ninku a cikinsa, kamar yadda ake samu a kusan kashi 20 cikin 100, ana ɗaukar ciwon a matsayin mai tsananin haɗari komai ƙanƙantar yaron.

Japan ta ba duniya darasi mai tsada a kan wannan ciwo. Da yake yawancin niyurobilastoma yana zubar da wasu sinadarai da ake iya aunawa a fitsari, ƙasar ta fara gwada fitsarin jarirai 'yan wata shida tun tsakiyar shekarun 1980, da fatan kama ciwon da wuri. An gano ƙari a jarirai masu yawa, an yi wa da yawa tiyata da magani, amma manyan bincike biyu daga Kebek ta Kanada da kuma Jamus, waɗanda aka wallafa a 2002, sun nuna cewa irin wannan gwaji bai rage mace-mace ba. Abin da yake kamawa yawanci ƙarin da zai baje da kansa ne, masu kisan kuwa suna bayyana daga baya. Japan ta dakatar da shirin a 2004. A ganina wannan shi ne misalin da ya fi nuna cewa ganin ƙari a jariri da sanin halinsa abubuwa ne biyu mabambanta, kuma yin aiki a inda ba a buƙata shi ma cutarwa ce.

Ido shi ne wurin da wannan sassauci ba ya aiki ko kaɗan. Retinobilastoma, dajin tantanin bayan ido, yana samun kimanin jariri ɗaya cikin 15,000 zuwa 20,000, kuma alamarsa ta farko ita ce wani farin haske a tsakiyar baƙin ido, kamar ƙyallin idon kyanwa da dare, wanda uwa kan hango a ɗaki mai ɗan duhu ko a hoton waya da aka ɗauka da fitila. Alama ta biyu ita ce ido ya karkace, a ce yaro harara-garke ne. Ba ya ciwo a farko, yaro yana wasa yana shan nono, shi ya sa ake jira. Farin ido na iya zama yanar ido da aka haifi yaro da ita, amma ita ma tana buƙatar aiki da wuri, don haka babu wani farin da ya halatta a zauna da shi ko na mako guda. Kusan kashi 40 cikin 100 na masu wannan ciwo suna ɗauke da lahanin a ƙwayar gado mai suna RB1, kuma su ne ciwon ke kamawa tun suna ƙanana sosai, sau da yawa a ido biyu, abin da Alfred Knudson ya yi bayaninsa a 1971. Saboda haka idan an samu yaro ɗaya a gida, ana duba ƙannensa tun daga haihuwa. A ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki fiye da kashi 95 cikin 100 na yaran suna rayuwa, a ƙasashen Afirka da yawa kuwa sau da yawa ana kai su ne bayan idon ya fito waje, lokacin da ciwon ya riga ya bi jijiyar gani zuwa ƙwaƙwalwa. Maganar cire ido tana da nauyi ƙwarai a zuciyar iyaye, kuma da yawa suna ɗauke yaro su tafi idan aka ambace ta, alhali idan ƙarin ya cika idon amma bai fita daga cikinsa ba, cirewar ce ke ceton rai.

Idan aka tattara abin da hannu da ido za su iya lura da shi, alamomin da ke sa a ɗauki ƙululu da muhimmanci su ne ya kasance mai tauri, ya manne ba ya motsi a ƙarƙashin fata, ya yi zurfi cikin tsoka, ya wuce santimita 3, ya ci gaba da girma ba tsayawa, ko fatar kansa ta fashe. Sai kuma yanayin yaron gaba ɗaya, wato rama, da ƙin nono, da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin maleriya, da ɗashewar tafin hannu, da baƙi-baƙi a kewayen idanu ba tare da ya faɗi ba, da raunin ƙafafu. Rashin ciwo ba shaidar lafiya ba ce, hasali ma kumburi mai zafi da ja da ciwo ya fi kama da ƙurji, dajin jarirai kuwa yawanci shiru yake girma. Duk waɗannan alamomi suna nuna wanda za a gaggauta ne kawai, ba su isa yanke hukunci ba.

Gwajin farko kusan kullum hoton sikanin ne, domin ba ya ciwo, ba ya buƙatar maganin barci, ba shi da tururin da ke lahani, kuma yana nuna ko kumburin ruwa ne ko nama, daga wane sashe ya taso, da yawan jinin da ke ratsa shi. Hoton MRI, wanda ake ɗauka da na'urar maganaɗisu, ya fi nuna iyakar ƙarin da alaƙarsa da laka ko ƙwaƙwalwa, amma sau da yawa sai an kwantar da jariri da magani, hoton CT kuma, mai amfani da tururin X-ray, ana taƙaita shi saboda jikin jariri ya fi na babba jin tasirin tururinsa. A jini ana auna wani sinadari da ake kira AFP, wanda ke hauhawa a dajin hanta da teratoma da ya rikiɗe, sai dai a nan ma jarirai suna da nasu tarko, domin kowane sabon jariri lafiyayye yana da shi da yawa ƙwarai, ba ya sauka zuwa matakin manya sai wajen wata takwas zuwa shekara ɗaya. Wanda ya karanta sakamakon da ma'aunin manya zai firgita iyaye a banza, shi ya sa ake duba shi da jadawalin shekarun jarirai, a kuma maimaita a ga ko yana sauka ko yana hawa.

Hukunci na ƙarshe a yawancin ƙari mai shakku yana hannun likitan da ke duba nama a madubin ƙara girma, bayan an ɗebi ɗan yanki da allura ko da ƙaramar tiyata. Aikinsa a jarirai yana da wuya, saboda yawancin dajinsu ƙananan ƙwayoyi ne masu kama da juna, kuma ƙarin da ba na daji ba ma yana iya nuna ƙwayoyi masu saurin rarrabuwa. Don haka ake ƙara rina naman da wasu sinadarai na musamman, kamar alamar GLUT1 da aka gano a 2000 cewa hemanjiyoman jarirai yana ɗauke da ita, sauran ƙarin hanyoyin jini da ke kama da shi kuwa ba su da ita. Akwai wuraren da ba a ɗiban nama, retinobilastoma na kan gaba, domin huda idon yana fitar da ƙwayoyin daji waje, sai dai a duba cikinsa yaro yana barci. Akwai kuma kuskuren da ke faruwa a ƙananan asibitoci, inda ake cire ƙululu a jefar da shi ba tare da an aika gwaji ba, sai ya dawo bayan watanni babu wanda ya san ko mene ne. Iyaye suna da haƙƙin su tambaya ko an aika naman, su kuma karɓi takardar sakamakon su adana.

A ƙasar Hausa ƙarin jariri yakan bi ta hannu da yawa kafin ya isa ga likitan yara. Kaka za ta ce a gasa da ruwan zafi, a kai wa wanzami ya yi tsaga don mugun jini ya fita, mai kemis ya ba da maganin ƙwayoyin cuta, kowannensu kuma da kyakkyawar niyya yake yi. Amma tsaga a kan ƙarin hanyoyin jini tana iya jawo zubar jinin da jariri ba zai iya ɗauka ba, a kan kumburin gadon baya tana iya buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya zuwa ƙwaƙwalwa, a kan daji kuma tana mayar da shi gyambo ta wahalar da tiyatar da za a yi daga baya. Sannan ga kuɗin mota da na gwaji, da nisan manyan asibitocin koyarwa irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri da Yamai, inda ake samun likitocin tiyatar yara da masu duba nama. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara da matasa kusan 400,000 ne ke kamuwa da daji a kowace shekara, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 suna warkewa a ƙasashe masu arziki, a ƙasashe matalauta da yawa kuwa ba su kai kashi 30 ba. A 2018 ta ƙaddamar da wani shiri da ke neman kai adadin masu rayuwa zuwa aƙalla kashi 60 kafin 2030, kuma retinobilastoma da dajin Wilms suna cikin nau'o'i shida da ta sa a gaba saboda suna warkewa idan aka kama su da wuri.

Abin da ke hannun iyaye da ungozoma da ma'aikacin ƙaramin asibiti ya fi yadda ake zato yawa, tunda tarihin ƙarin rabin ganewar ne. A riƙe ranar da aka fara ganinsa, a san ko da shi aka haifi yaron ko daga baya ya fito, a riƙa ɗaukar hotonsa a waya kowane mako daga wuri ɗaya da ma'auni a gefensa, a kuma tafi da katin awon ciki da na riga-kafi. Ranakun riga-kafi dama ce ta a haska idon yaro, a shafa cikinsa, a auna kansa. Idan likita ya ce a sa ido, a tambaye shi ranar dawowa da kuma alamar da za ta sa a dawo kafin ranar, domin sa ido irin na asibiti yana da awo da lokaci. Ko bayan an cire ƙari an ce ba daji ba ne, wasu suna buƙatar bibiya, teratoma na ƙarshen ƙashin baya musamman, wanda ake ci gaba da auna AFP da duba wurin aikin har kimanin shekara uku, saboda wanda ya dawo yana iya dawowa a matsayin daji.